Ina marmarin addu'ar safe, amma hidima ta hana ni: yaya zan yi?

Tambaya: "Baba Fasto, ina gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni matar aure ce, ina da 'ya'ya uku, ƙaramin bai kai shekara biyu ba, kuma ina aiki. Da ina budurwa nakan yi awa guda cur da safe ina karatun Littafi Mai Tsarki da addu'a. Yanzu kuwa da na buɗe ido hidima ta fara, kafin in ankara lokacin fita ya yi. Na sha sa ƙararrawa ƙarfe 4 na asuba, sai in yi 'yan kwanaki in kasa, wani lokaci ma barci ya kwashe ni a durƙushe. Zuciyata tana ta hukunta ni, har ina jin kamar Allah ya yi fushi da ni. Shin dole ne sai da safe? Kuma yaya mai hidima irina za ta sami lokaci?"

Sannu da hidima, 'yata. Ubangiji ya ƙara miki ƙarfi, ya raya miki yaran nan cikin tsoronsa.

Na karanta saƙonki a tsanake, sai na ga tambayoyi uku ne suka sarƙe da juna. Kin tambaya ko dole sai da safe, kin tambaya inda za a samo lokacin, a tsakiya kuma kin ajiye wadda ta fi su nauyi: ko Allah ya yi fushi da ke. Da ita zan fara. A shekarun da na yi ina zama da masu bi a kan wannan magana, ban taɓa ganin addu'ar safe ta ɗore ga mutumin da yake zuwa gaban Allah kamar wanda ake bi bashi ba. Wanda ake bi bashi ai kauce wa mai bashin yake yi, ba ya ɗokin ganinsa da sassafe.

Batun fushin Allah

Ba awa gudan nan ta ƙuruciyarki ce ta sa Allah ya karɓe ki ba, saboda haka rashinta ba zai sa ya kore ki ba. Jinin Almasihu ne ya buɗe miki ƙofa. Manzo Bulus ya faɗa a fili a Romawa 8:1 cewa babu sauran hukunci ga waɗanda suke cikin Almasihu Yesu, a aya ta 34 ta wannan sura kuma ya ce Almasihu yana dama ga Allah yana roƙo dominmu. Wato ko a safiyar da barci ya sace ki a durƙushe, roƙon da ake yi dominki bai tsaya ba.

Akwai ayar da nake so kowace mai goyo ta haddace, Ishaya 40:11. Annabin ya nuna Ubangiji makiyayi ne mai rungumar 'yan raguna a ƙirjinsa, masu shayarwa kuwa yana bi da su a hankali. Ya san mai shayarwa ba za ta yi saurin sauran garke ba, bai kuma ɗaga mata sanda ba. Zabura 103:14 ta ce ya san irin halittarmu, yana tunawa mu ƙura ne. Ki tuna da lambun Getsamani ma, inda aka kama Yesu. Almajirai uku na kurkusa da Yesu sun yi barci a daren da ya fi bukatar su yi tsaro tare da shi. Ya tashe su, ya tsauta musu, amma ya kuma faɗi gaskiyar halinsu: ruhu ya yarda, jiki ne rarrauna (Matiyu 26:41). Bayan ya tashi daga matattu, su ɗin dai ya koma nema.

Ba cewa nake yi ki saki jiki ba. Kewar da kike ji alama ce ta rai, kuma Ruhu Mai Tsarki ne ke sa ta. Sai dai ki koyi rarrabe muryoyi biyu. Tsautawar Ruhu tana nuna miki abu takamaimai, tana kuma jawo ki kusa. Muryar mai sāran 'yan'uwa, wato Shaiɗan, wanda Wahayi 12:10 ya ambata, ba ta nuna mafita, abin da take cewa kawai shi ne ba ki cancanta ba. Duk muryar da ta sa kika ji kunyar buɗe Littafi Mai Tsarki saboda jiya ba ki buɗe ba, ba ta Ubanki ba ce.

Dole ne sai da safe?

A'a. Babu inda Sabon Alkawari ya kafa wa mai bi dokar sa'a. Ishaku da yamma ya fita saura yana tunani (Farawa 24:63). Daniyel sau uku a rana yake durƙusawa, tagoginsa a buɗe suna duban Urushalima. Bitrus da tsakar rana ya hau kan soro yin addu'a, a can ne ma ya ga wahayin da ya kai shi gidan Karniliyus. Yesu kansa ya yi addu'a da yamma a kan dutse bayan ya sallami taro, ya kuma kwana yana addu'a kafin ya zaɓi manzanninsa sha biyun. Duk wanda ya ce miki addu'ar ƙarfe 4 ta fi ta ƙarfe 9 isa kunnen Allah, ya ƙara abin da ba a rubuta ba.

Duk da haka ba zan ɓoye miki ba, safiya tana da nata nauyi a cikin Nassi, kuma ni ita nake ba mutane shawara idan da hali. A alfarwa ta sujada ana miƙa ɗan rago kowace safiya, wani kuma da maraice (Fitowa 29:38-39), Haruna kuma yana ƙona turare kowace safiya. Dawuda ya ce da safe Ubangiji zai ji muryarsa, da safe zai shirya roƙonsa ya zuba ido (Zabura 5:3). Amma wurin da ya fi dacewa da halinki shi ne Markus 1:35, kuma ina roƙonki ki karanta shi tun daga aya ta 21. Ranar Asabar ce a Kafarnahum. Yesu ya koyar a majami'a, ya fitar da baƙin aljani, ya shiga gidan Siman ya warkar da surukarsa, da rana ta faɗi kuma duk garin ya taru a bakin ƙofa da marasa lafiya. Bayan irin wannan yini ne ya tashi da sauran duhu, ya fita wurin da ba kowa, yana addu'a. Ko a can ma ba a bar shi ba. Siman da abokansa suka bi sawunsa suka ce masa kowa na nemansa. Ubangijinki ya san yadda ake katse wa mutum addu'a. Ki kuma dubi amsar da ya ba su: mu tafi garuruwan da ke gaba. Ya fito daga addu'a ya san abin da zai yi da abin da zai bari, ko da yake duk masu nemansa suna da bukata ta gaske.

Ikkilisiyar farko ma haka ta kama. Wajen shekara ta 112, wani gwamnan Romawa mai suna Filini, wanda ke mulkin lardin Bitiniya a arewacin Turkiyya ta yau, ya rubuta wa Sarki Tirajan abin da bincikensa ya gano game da Kirista: suna taruwa a wata ƙayyadaddiyar rana tun gari bai waye ba, suna raira waƙa ga Almasihu kamar ga allah. A lokacin Lahadi ranar aiki ce, ba ta zama ranar hutu a daular ba sai a 321, kuma cikin masu bin nan har da bayi, waɗanda yininsu ba nasu ba ne. Wani tsohon rubutu na ikkilisiya da ake kira Didake, na wajen ƙarshen ƙarni na farko, ya umarci masu bi su riƙa yin Addu'ar Ubangiji sau uku a rana. Addu'ar nan ba ta cika minti guda ba. Abin da aka ɗora wa talakawan masu bi tun farko gajere ne, amma mai ƙayyadadden lokaci.

Dalilin fifita safiya kuwa ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Ita ce sa'ar da mutane ba su riga sun kama ki ba, kuma abin da ya fara shiga zuciya shi ke juya sauran yinin. A 1535 Martin Luther ya rubuta wa wanzaminsa, wani mai suna Bitrus, 'yar wasiƙa a kan yadda ake addu'a. Ya ba shi shawara addu'a ta zama aikin farko da safe, na ƙarshe kuma da dare, ya kuma gargaɗe shi da tunanin nan mai cewa bari in gama wannan tukuna, nan da awa ɗaya zan yi. Wannan "tukuna" ita ce ta cinye addu'ar mutane da yawa, har da masu wa'azi.

Abin da ke kayar da ke

Daga saƙonki na hango abubuwa biyu a sarari, akwai kuma na ukun da nake zato.

Ma'auninki shi ne na farko. Har yanzu da awa gudan budurci kike auna kanki, duk abin da bai kai ta ba kuma ba kya lissafa shi addu'a. Sai ya zama ranar da ba ki da awa guda, ba kya yin komai. A wancan lokaci ba ki da miji, ba ki da mai tashinki da tsakar dare, ba ki da yaran da za a shirya. Allahn da ya ba ki waɗannan duka bai manta ya ba ki su ba. Ki ajiye awa gudan nan a gefe, wata rana za ta dawo. A yanzu ki ɗauki minti 10. Na san za ki ce ya yi kaɗan. Amma minti 10 kowace rana ya kai sama da awa 60 a shekara, awa gudan da ake yi kwana uku a watsar kuwa ba ta kai ko'ina. Ki zaɓi tsawon da za ki iya riƙewa a ranar da komai ya cakuɗe, ba a ranar da komai ya tafi daidai ba.

Na biyu shi ne ƙararrawar ƙarfe 4. Kin matso da lokacin tashi, amma ina kyautata zaton ba ki matso da lokacin kwanciya ba. Masana lafiya sun daidaita a kan cewa babban mutum yana bukatar barcin awa 7 ko fiye. Idan kin kwanta ƙarfe 11 da rabi, yaro ya tashe ki sau ɗaya ko biyu, ƙararrawa ta kaɗa ƙarfe 4, ba ki sami ko awa 5 ba. Jiki zai iya jure wannan na 'yan kwanaki, daga nan sai ya ƙwaci haƙƙinsa, kuma daidai abin da kika bayyana ke nan. Barcin da ya kwashe ki a durƙushe ba sanyin ruhaniya ba ne, gajiya ce. Zabura 127:2 ta ce banza ne a tashi da asuba a kuma yi daren kwanciya, gama Ubangiji yana ba ƙaunatattunsa barci. Da Iliya ya gudu cikin jeji, ya gaji har ya roƙi mutuwa, Allah bai fara masa da wa'azi ba. Ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ya ci, ya sha, ya sāke kwanciya (1 Sarakuna 19). Maganar Allah ta zo daga baya, a dutsen Horeb.

Na ukun da nake zato shi ne waya. Kin ce ƙararrawa kike sawa, yawancin mutane kuwa a waya suke sa ta. Hannun da ya kashe ƙararrawa shi ne ke buɗe saƙonni, kuma da ido ya faɗa kan saƙon farko, zuciya ta riga ta bar ɗakin. Da dare ma ita ce ke cinye rabin awar da ya kamata ta shiga barci. Ban ce ki jefar da ita ba, kuma na san wasu a cikinta suke karanta Nassi. Amma idan kina da Littafi Mai Tsarki na takarda, ki koma gare shi da safe. Idan babu, ki kashe intanet tun da dare, kada ki kunna sai kin ce amin.

Tun da dare ake shirya safiya

An ce wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Ga abin da nake koya wa masu zuwa wurina, ni ma haka nake yi. Ki duba lokacin da hidimarki take farawa a zahiri. In ƙarfe 5 da rabi ne, ki sa ƙararrawa biyar da kwata, ba ƙarfe 4 ba. Sannan ki matso da lokacin kwanciyarki da aƙalla wannan kwatan awar. Kafin ki kwanta, ki fitar da kayan da yara za su sa, ki haɗa jakunkunansu, ki gama duk abin da za a iya gamawa da dare. Ki zaɓi wuri ɗaya, kujera ce ko kusurwar ɗaki, wurin da ba kan gado ba. Ki ajiye Littafi Mai Tsarki a buɗe a daidai shafin da za ki karanta, da biro da ɗan littafin rubutu a kansa, fitila kuma inda hannu zai kai ba sai an lalube ba. Wayar ki sa ta caji nesa da gado, yadda sai kin taka ƙasa za ki kashe ta.

Wannan buɗe shafin tun da dare, kada ki raina shi. Mutumin da ya farka cikin magagin barci ya fara tunanin me zai karanta yau, minti biyar sun tafi yana jujjuya shafuka, ƙarshenta ya koma ayar da ya saba. Magagin nan kuwa halitta ce, yakan ɗauki kamar kwatan awa zuwa rabin awa kafin kai ya washe. Shi ya sa nake cewa ki wanke fuska, ki kunna haske sosai, ki zauna a miƙe ko ki tsaya. Idan durƙuso da sunkuyar da kai a kan katifa na jawo miki barci, ki daina shi a wannan sa'a. Cikin Nassi an yi addu'a a tsaye, an yi a zaune, an yi da hannuwa a ɗage. Ki riƙa furta kalmomin da leɓunanki, da murya ƙasa-ƙasa yadda ba za ki tashi kowa ba. Bakin da ke motsi ba ya saurin barci, zuciya kuma ba ta saurin yawo.

Me za a yi a cikin minti goman?

Shawarata ita ce ki bar Allah ya fara magana. George Muller, Bajamushen nan da ya riƙe dubban marayu a birnin Biristol na Ingila, ya rubuta a 1841 cewa ya yi shekaru yana fara safiyarsa da addu'a kai tsaye, sai ya ɓata kwatan awa ko rabin awa a durƙushe zuciyarsa na yawo kafin ya shiga addu'a ta gaske. Da ya juya tsarin, ya fara da ɗan roƙon albarka, ya shiga tunani a kan Nassi aya bayan aya, sai ya ga ba a jimawa ayar da kanta take zama godiya, ko furta zunubi, ko roƙo domin wasu. Luther ma a wasiƙar nan kusan haka ya koya wa wanzaminsa: ya ɗauki magana ɗaya ta Nassi ya murɗa ta igiya huɗu, wato me take koya mini, me zan gode a kai, wane zunubi ta tona, me zan roƙa.

Bari in nuna miki da aya ɗaya. A ce kin buɗe Zabura 3, wadda Dawuda ya yi yana gudun ɗansa Absalom. Kin karanta ayoyi takwas ɗin a hankali, minti biyu ya isa. Aya ta 5 ta tsaya miki: na kwanta na yi barci, na kuma farka, gama Ubangiji ne yake riƙe da ni. Koyarwar ita ce, ba ƙararrawa ce ta tashe ki ba, kuma duk daren da ba ki san inda kanki yake ba akwai mai tsaron gidan. Sai godiya: Uba, na gode da ka tashe ni, ka tashi mijina da yaran nan, ki ambaci sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Sai furci: na kwanta jiya da damuwar aiki kamar ni ce ke riƙe da kaina, ka gafarta mini. Sai roƙo, a nan ne za ki shimfiɗa yinin a gabansa yadda yake, taron da kike fargaba, yaron da ke tari, abokiyar aikin da ke gwada haƙurinki, maƙwabciyar da ke makoki. Ki rufe da Addu'ar Ubangiji, ba da gudu ba. Ki rubuta ayar a ɗan littafinki ko a guntuwar takarda ki sa a jaka. Minti goma sun cika. In kuwa a igiya ta biyu zuciyarki ta buɗe, kika kasa barin godiya, ki tsaya a nan, kada ki ce sai kin kammala huɗun. Luther kansa haka ya ce a yi.

Idan tunanin abin da za ki yi yau ya faɗo miki a tsakiya, kada ki yi kokawa da shi. Ki rubuta shi a gefen shafi da kalma biyu ki koma. Zuciya tana ta maimaita abu ne don tsoron mantuwa, da an rubuta sai ta sake shi.

Game da abin karantawa, Littafi Mai Tsarki yana da surori 1,189 a littattafai 66, mai son gama shi a shekara sai ya riƙa karanta sama da sura uku kowace rana. Akwai sanannen tsarin da wani fasto ɗan Sikotilan, Robert Murray M'Cheyne, ya shirya wa ikkilisiyarsa a 1842, mai sura huɗu a rana, Tsohon Alkawari sau ɗaya, Sabon Alkawari da Zabura sau biyu a shekara. Tsari ne mai kyau, amma shi da kansa ya gargaɗi mutanensa cewa zai iya zame wa wasu kaya mai nauyi, ya ce wanda ya ji haka ya ajiye shi. Ke a wannan lokaci ban ba ki shawararsa ba. Ki ɗauki Bisharar Markus, sura 16 ce kawai, ki riƙa cin labari ɗaya a rana, ki riƙa sa Zabura a tsakani. Ƙananan littattafan ibadar kullum suna da amfani, musamman wajen cire wahalar zaɓe, amma ki tabbata kin karanta nassin da suka nuna daga Littafin kansa. Na sha ganin masu karanta labarin marubucin su tsallake ayar, su shekara suna cin tunanin mutum.

Miji, yara, da masu aikin dare

Kada ki ɗauki wannan kaya ke kaɗai a ɓoye. Ki zauna da maigidanki ki gaya masa abin da kike nema, minti 10 a sa'a kaza. Bulus ya yi maganar miji da mata su yarda da juna domin keɓe lokacin addu'a (1 Korintiyawa 7:5), wato abu ne da ake shawartawa a cikin aure. A nan ina da magana da mazan da za su karanta wannan amsa. Idan kai kana samun rabin awa kana nazari a natse, matarka kuwa tana can tana fama da yara ba ta sami ko minti biyar ba, to, ibadarka a kan wuyanta take tafiya. Ka ɗauki yaron, ka ce mata ta je. Wannan ma hidimar shugaban gida ce, kuma tana cikin ƙaunar da Afisawa 5:25 ta umarce ka.

Addu'ar iyali abu ne mai daraja, kada ku bari. Sai dai ba ta maye gurbin taki, domin uwa a addu'ar iyali rabin hankalinta na kan wanda ke tsokanar ƙaninsa. Yesu ya ce ki shiga ɗaki ki rufe ƙofa (Matiyu 6:6), kuma akwai abin da ba za ki faɗa wa Allah a gaban yara ba. Ranar da ƙaramin ya farka a tsakiyar addu'arki kuwa, kada ki ɗauka an ɓata ta. Ki ɗora shi a cinya ki ci gaba da karatun a bayyane. Na san wata mai jego a ikkilisiyar da na yi hidima, jaririnta kullum sai ya tashi shan nono gab da asuba. Ta gaji da neman lokacin da ba ya tashi, sai ta mai da sa'ar shayarwar ta zama lokacinta. Ta jingina Zabura a kan matashi, hannu ɗaya na tallafe da yaro, ɗayan na riƙe shafi. Ta gaya mini sai a lokacin ta fahimci Zabura 131, inda Dawuda ya ce ya kwantar da ransa kamar yayayyen yaro a jikin uwarsa.

Ga masu aikin dare, irin su ma'aikatan jinya da masu gadi da direbobi, safiyarku ita ce sa'ar da kuka farka, ko da ƙarfe 2 na rana ce. Akwai kuma mutanen da halittarsu ta dare ce, kansu bai cika washewa da sassafe ba. Irin waɗannan nakan ce su yi gajeriyar addu'a ta minti biyu da farkawa, su miƙa yinin, babban karatun kuma su kai shi hutun rana ko bayan yara sun kwanta. Sharaɗin dai shi ne sa'ar ta zama sananniya. "Idan na sami sarari" ba sa'a ba ce.

Ranar da kika rasa, da lokacin da zuciya ta bushe

Za ki rasa wasu ranaku, wannan babu makawa. Abin da ke kashe al'adar ba rashin rana ɗaya ba ne, abin da ake yi washegari ne. Kada ki ce za ki rama, ki ninka karatun jiya a kan na yau. Manna, abincin da Allah ya saukar wa Isra'ilawa a jeji, ta rana ɗaya ake tarawa, wadda aka ajiye ta kwana tsutsa ta yi (Fitowa 16:20), Makoki 3:23 kuma ta ce jinƙansa sabo ne kowace safiya. Ki ci gaba daga inda kika tsaya. A ranar da aka rasa ɗin ma ƙofa ba ta rufe ba. Nehemiya yana tsaye gaban sarki, an yi masa tambaya, tsakanin tambayar da amsarsa ya yi addu'a ga Allah na Sama (Nehemiya 2:4). Irin wannan kina iya yinta a hanya, ko hannunki na cikin ruwan wanke-wanke.

Za a kuma yi makonnin da za ki karanta ki ji ba abin da ya taɓa ki. Kada ki auna addu'a da hawaye ko da zafin zuciya. Romawa 8:26 ta ce ba mu san yadda za mu yi addu'a kamar yadda ya kamata ba, Ruhu ne ke taimakon kasawarmu. A irin waɗannan ranaku ki ari bakin Zabura, ki karanta 13 ko 42 a matsayin addu'arki, ki tashi.

A nan ne kuma iyakata take. Ni mai kiwon rayuka ne, ba likita ba, kuma daga saƙo ɗaya nake ba ki amsa. Idan kina samun isasshen barci amma gajiyar ba ta sake ki ba, ko kina jiri, ko kuma baƙin ciki ya zauna miki sama da mako biyu, abin da kike jin daɗinsa a da ya fita daga ranki, kina kuka ba dalili, ki je a duba ki. Ƙarancin jini da ciwon damuwa na bayan haihuwa suna samun mata masu tsoron Allah, suna kuma da magani. Ganin likita ba rashin bangaskiya ba ne. Ki kuma nemi wata dattijuwa a ikkilisiyarku wadda ta riga ta yi renon nata, irin waɗanda Titus 2:3-5 ya ce su koya wa ƙananan mata. Ita za ta ga gidanki da idonta, ta kuma riƙa tambayarki yadda ake ciki.

Ki riƙe minti goman nan kamar wata biyu ba tare da kin ƙara ko ɗaya ba, ko da kin ji ƙarfi a makon farko. Ƙarin ya zo ne sa'ad da kika ga kina duba agogo kina jin haushin lokaci ya ƙare, a lokacin ki ƙara biyar, ki kuma matso da lokacin kwanciyarki da biyar. Ranar da ba kya zuwa aiki, idan maigida ya riƙe yaran, kina iya ɗaukar rabin awa ki karanta sura biyu ko uku a jere, ki kuma yi wa mutanen da kika rubuta sunayensu cikin mako addu'a a natse.